Azumin da Firinta Ta Riƙa Manta Larabci

Jiya da la'asar aka yi yayyafi a Doha. Ina tsaye a ƙofar wurin aikinmu ina duba motocin da za su fita kai abincin buɗa-baki, sai na ji ɗigo a bayan hannuna. Azumin bana ya faɗo cikin sanyi, da rigar sanyi muke zuwa sallar asuba, ranar ma ba ta da tsawo. Duk da haka na ji wani sabon direba yana cewa wai shi yau azumi ya ba shi kashi. Dariya kawai na yi. Da ya ga azumin da muka yi a garin nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da ya kama bakinsa.

Ni ba zafi kaɗai ke tuna mini da wancan azumin ba. Akwai wata kujera, da wata 'yar firinta da ba ta kai girman bulo ba, da kuma Fuseini. Gara in faɗa tun yanzu, don kada a ɗauka labarin mutumin kirki za a ji: a watan na yi hassada irin wadda ban taɓa yi ba, da azumi a bakina.

Shekarar, Ramadan ya zo a tsakiyar bazarar nan tasu. Mu da muka taso a Funtuwa muna ganin mun san zafi, ashe wasa muke yi. Zafin Doha yana tafe da gumin teku. Ka fito daga ɗaki mai esi, tabarau ya yi hazo nan take, riga ta manne maka a baya tun kafin ka kai bakin titi. Ruwan famfo kuwa daga tankin saman rufi yake saukowa, in rana ta take ba ya taɓuwa. Mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Old Airport, kowa da bokitinsa. Da an idar da asuba kowa zai tari ruwa ya tura ƙarƙashin gado, don ya sami abin alwalar azahar ba tare da ya sale hannu ba. Wanda ya manta ya tara, ranar sai roƙo.

Direba nake a wani gidan abinci da ke kai wa mutane oda har gida. Difloma ta kwamfuta tana ƙasan jakata cikin leda, shekara biyu ba wanda ya ce in nuna. Abin da aka ba ni shi ne makullin wata ƙaramar bas wadda esinta ke hura iska mai ɗumi kamar numfashin saniya. Sitiyari sai na naɗa masa tawul. Daga la'asar zuwa magariba ina kan titi, bayana cike da shinkafa da naman rago da wani faten alkama da suke so a azumi, ƙamshi yana tasowa yana murɗa mini hanji. Leɓena ya tsage tun a satin farko. Yawu ma ƙarewa yake yi, harshe ya zama kamar tsumma.

Yadda aikin yake, akwai tebur a gaba, cikin wani ɗan ofis mai gilashi, inda esi ya fi ko'ina sanyi. Mai wannan kujerar, wani Basudane, shi ke amsa waya ya buga oda a kwamfuta. Odar sai ta fito a kicin ta 'yar firintar nan, a kan siririyar takarda, da Larabci, don babban kuku Usta Hamdi ɗan Masar ne, ba ya karanta wani rubutu. Mai yago takardar ya karanto ta da ƙarfi, ya kuma jera abinci a kwali, shi ne Fuseini.

Fuseini ɗan Zangon Kumasi ne, siriri, mai sanyin magana. Gadonsa yana saman nawa. Boko bai yi nisa ba, amma ya yi makarantar Larabci a can gida, yana karantawa yana kuma magana da su. Hausarsa irin ta Zango ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa da komai "ya". Mukan tsokane shi, ba ya fushi. Shi ke dama mana koko da sahur, shi ya fara kirana Injiniya tun ranar da ya ga difloma ta. Ina jin daɗin sunan, ban kuma taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Ranar ɗaya ga azumi, ana cikin rububin la'asar, firinta ta haukace. Maimakon Larabci sai ta riƙa fitar da wasu 'yan akwatuna, da alamar tambaya, da baƙaƙe masu ƙaho da jela waɗanda ba na kowa ba. Usta Hamdi ya ɗaga takardar yana salati. Dole aka koma rubuta oda da hannu, ana gudu tsakanin ofis da kicin, abinci yana cakuɗewa. Wanda ya rubuta manhajar da ke kan kwamfutar ya daɗe da barin ƙasar, ba a san inda yake ba. Washegari da safe da aka kunna kwamfuta sai komai ya fito lafiya lau. La'asar na yi, ta sake birkicewa.

A rana ta uku Mudir, wato manajanmu, ya tara mu. Tsoho ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Ya ce Basudanen nan zai koma gida bayan salla, kujerarsa za ta zama ba kowa. Duk wanda ya raba shi da wannan bala'i na firinta, shi zai zauna a kai.

Na ɗaga hannu na ce na karanta kwamfuta.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, ya Ashiru? Yalla, nuna mana."

Daga ranar na daina barcin safe. Da na dawo daga masallaci sai in tari ruwana in wuce wurin aiki, lokacin gari bai gama ɗaukar zafi ba, kicin shiru, tukwane a kife. In zauna a kujerar nan. Kai, kujerar nan. Tana juyawa, tana da wurin ɗora hannu, iskar esi tana sauka daidai ƙeya. Har na fara tsara hoton da zan ɗauka a kanta in aika gida, Inna ta nuna wa maƙwabta cewa karatun ɗanta bai tashi a banza ba.

Ciwon na gane shi tun a rana ta farko, ba yabon kai ba. Firinta ba ta san baƙi ko ɗaya ba, lamba kawai ake aika mata. Tana da jadawali a cikinta, ta duba lambar ta ga wane harafi ke wurin, ta buga shi. Jadawalin kuma ba ɗaya ba ne, akwai na Larabci, akwai na Turawa kala-kala. Kamar rajistar makaranta ce: lamba goma sha biyu a wannan aji Musa ne, a wancan aji Binta ce. In malami ya ɗauko rajistar da ba ita ba, sai ya kira sunan da ba ya ajin. Firintarmu da la'asar tana duba jadawalin da ba shi ba ne. Wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne me ke sa ta sauya.

Ba abin da ban zarga ba. Na ce waya ce, na canja. Na ce wani sunan abinci ne ke ɗauke da wani harafi mai rikita ta, na bi jerin abincin nan ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Na ce zafin kicin ne, na sa aka ɗaga ta daga kusa da murhu. Kowace safiya in gyara wani abu, in kashe manhajar in kunna, in buga gwaji, Larabci ya fito tsaf kamar a allo. Sai in je in gaya wa Mudir an gama. La'asar na yi ina can kan titi, waya za ta yi ƙara, in ji muryarsa tana tashi. Ya kuma hana kowa taɓa kwamfutar a lokacin rububi, don tsoron kada odojin da ke ciki su ɓace.

Da na ga abin yana neman zubar mini da mutunci, sai na ƙirƙiro wani aikin da ba a sa ni ba, don in burge. A da, adireshin gida da biro ake rubuta shi a ƙasan takarda. Na ce bari in sa firinta ta riƙa buga shi da kanta. Ita daga hagu take fara rubutu, Larabci kuwa daga dama yake tashi, saboda haka na rubuta 'yan layuka da za su juya adireshin, ƙarshe ya koma farko. Na ajiye shi ban kunna ba, ina jiran ranar nasara in fito da shi a matsayin tukuici.

Daren biyar ga wata ke nan za a shiga, muna zaune a ƙasa mun buɗe baki da dabino, Fuseini ya matso kusa da ni.

"Massa Injiniya," in ji shi, massa kuwa shi ne oga a bakinsu, "ni na ga wani abu. Firinta ɗin nan, lokacin lemu ne yake lalacewa."

"Lokacin me?"

"Lemu. In Usta ya tashi yin lemun tsami da na'a-na'a."

Ina gajiye, kaina yana sarawa, ga mutum huɗu suna sauraro. Na ce, "To, ashe ita ma azumi take yi, ƙamshin lemu ke sa ta jiri. Gobe sai ka ba ta kofi ɗaya ta buɗe baki." Ɗakin ya kwashe da dariya. Na ƙara da cewa kowa ya tsaya a kan abin da ya karanta, ni ban taɓa koya masa jera kwali ba.

Shi ma ya yi murmushi, ya ce, "To, massa." Ya miƙo mini ruwa.

Ranar tara ga wata na dawo ɗaukar kaya zagaye na biyu, na tarar da kicin ya yi tsit. Mudir yana tsaye, jijiyar wuyansa a waje, takardar shirme a hannunsa. Fuseini yana gabansa yana magana a hankali da Larabci, yana nuna bango. Na bi yatsansa da kallo. Soket ɗaya ne a wannan kusurwar, firinta ce a jone. A gefensa ga injin markaɗe, wanda ba a fito da shi sai a azumi, don lemun da ake sa wa kowace oda. Usta Hamdi kullum da la'asar sai ya zare firinta, ya jona injinsa, ya markaɗa lemu na 'yan mintuna, ya mayar da ita. Bai taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba, balle ya faɗa.

Fuseini ya roƙi a kashe manhajar a kunna, sau ɗaya tak. Aka yi, aka buga, Larabci ya fito. Ya zare firinta, ya mayar. Aka sake bugawa, sai ga 'yan akwatunan nan.

Kafin takardar ta gama fitowa na riga na gane komai. Manhajar sau ɗaya take gaya wa firinta ta ɗauki jadawalin Larabci, wato lokacin da aka kunna ta da safe. In wuta ta ɗauke wa firinta, ko na ƙiftawar ido ne, sai ta manta, ta koma jadawalin da aka ƙera ta da shi. Ni kuma duk gwajin da nake yi da safe, da kaina nake sake tuna mata, shi ya sa ban taɓa kama ta ba. Ɗan hakin da na raina shi ya tsone mini ido, a gaban kowa.

Na wuce ofis. Layin da ke ba da umarnin nan na ɗauke daga inda yake, na sa shi a kan kowace takarda, ta yadda kafin a buga ko wace oda sai an sake tuna mata. Ko tsawon alwala aikin bai ɗauka ba. Na kunna adireshina ma a lokacin, don kada a ce ban zo da komai ba. Muka zare, muka mayar, muka zare, muka mayar, Larabci bai gusa ba. Usta Hamdi ya rungume injin markaɗensa kamar an wanke shi daga zargin sata.

Mudir ya dafa kan Fuseini. Ya ce daga gobe ya zauna kusa da Basudanen ya koyi aiki, in ya riƙe da kyau har salla, kujera tasa ce.

Fuseini ya ce, "Mudir, Ashiru ne ya gyara. Ni gani kawai na yi."

"Kwana shida yana gyarawa," in ji Mudir. "Ni mai ido nake nema. Khalas, an gama." Ya juyo gare ni ya ce ya gode, ya kuma tuna mini abinci yana hucewa a mota.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da na yi ta nanatawa ke nan a kan hanya ranar, ina dukan sitiyari. Ni na san jadawali, ni na rubuta gyaran, shi ko bambancin manhaja da waya bai sani ba. Amma a can ƙasan raina na san ya kawo mini maganar har gadona tun ranar biyar, ni na mayar da ita abin dariya. Wannan sanin bai rage mini haushi ba, ƙara shi ya yi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi zafi a watan. Iska ta tsaya cak, sama ta yi fari fat, kwalta tana walƙiya. Duk sanda na dawo ɗaukar kaya, jiƙe sharkaf, sai na wuce ta gaban gilashin nan. Ga Fuseini a zaune, waya a kunne. A rana ta biyu na ga ya sa rigar sanyi. Rigar sanyi, jama'a, a watan da tsuntsu ke faɗowa daga kan waya. Wai esin ya yi masa yawa, yana sa shi mura. Ban taɓa tsanar wani tufafi kamar yadda na tsani wannan rigar ba, ruwan toka ce mai zif. Ya riƙa jiƙa tawul yana sa mini a firij, in na shigo ya miƙo mini in ɗora a wuya. Ina karɓa, don zafi ba ya barin mutum ya yi girman kai, amma kowane tawul kamar mari nake jin sa. Kokonsa na sahur ma na daina sha, na ce yana sa ni ƙwarnafi.

A wannan tsakanin ne na lura da wani abu. An ba ni odar wani gida da na saba zuwa, gida mai lamba arba'in da ɗaya. A takarda sai na ga sha huɗu. Na tsaya a gefen titi na ƙura mata ido. Aikina ne. Layukan da na rubuta don juya adireshi sun juya har da lamba, alhali lamba ko a Larabci ba a juya ta. Sunan unguwa da na titi suna fitowa daidai, lambar gida ce kaɗai ke zuwa a birkice. Gyaran bai fi layi biyu ba.

Na kai odar gida na arba'in da ɗaya, na dawo, na yi shiru.

Na san abin da nake yi, ba zan ce shaiɗan ba ne, tunda an ce a ɗaure yake a watan. Mu uku ne direbobi. Ni ina juya lambar a kaina in tafi daidai. Sauran biyun suka fara ɓata, suna buga ƙofofin da ba su ba, masu oda suna kira suna faɗa. Kowa ya ɗauka sabon mai kujera ne ke buga lamba ba daidai ba. Ina jin Mudir ta cikin gilashi yana yi masa tsawa, Fuseini ya sunkuyar da kai yana cewa zai kula. Kwana uku ana haka. Kowane dare ina bin liman tarawihi, ina kuma lissafin saura kwana nawa salla.

A rana ta huɗu aka ba ni babbar oda, kwali talatin, zuwa unguwar Nu'aija. Wata dattijuwa ce ke ciyar da ma'aikatan gini a ƙofar gidanta. Ban taɓa zuwa gidan ba. Takarda ta ce hamsin da biyu. Na juya a kaina kamar yadda na saba, na nufi ashirin da biyar.

Mai gadin gidan ya buɗe, ya ga kwalaye, bai tambayi komai ba. A azumi haka garin yake, abinci yana yawo tsakanin gidaje, wani ya aiko da sadaka ba tare da ya faɗi sunansa ba. Ya yi ta addu'a yana taya ni saukewa. Na ja mota na koma inuwar wani masallaci, aka kira salla, na sha ruwa na ji shi har cikin ƙashina. Ina tauna dabino na biyu waya ta yi ƙara. Dattijuwar tana tambaya ina abincin bayin Allah.

Na koma ashirin da biyar a guje. An riga an raba, masu shara da direbobin layin suna zaune suna ci, suna sa wa wanda ya aiko albarka. Da wane baki zan ce su mayar? Sai da kicin ya sake haɗa wasu talatin, na ɗauko, na isa hamsin da biyu ana shirin kiran isha. Har yau ina ganin wurin. Tabarma biyu a gefen katanga, mutane a jere da kayan aikinsu, ƙurar siminti a gashin ido. Mutanen da suka wuni a rana, ba a mota ba. Ruwa da dabino kaɗai suka samu. Ba wanda ya zage ni. Wani dattijo a cikinsu ma ya matsa ya ce in zauna mu ci tare, ai ni ma na sha hanya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na koma, Mudir yana jirana a ofis da kwafin takardar.

"Karanta," in ji shi.

"Hamsin da biyu."

"Gidan hamsin da biyu ne. Takarda daidai take. Me ya kai ka ashirin da biyar?"

Takarda daidai take? Na dubi allon kwamfutar da ke gaban Fuseini, odar tana nan a buɗe. A wurin lambar gida an buga ashirin da biyar. Sai a lokacin na fahimta. Shi ma ya gano cewa lambobi juyawa suke yi, ya kuma san aikin wane ne. Maimakon ya kai ni gaban Mudir karo na biyu, tun safiyar ranar ya fara buga kowace lamba a juye da gangan, don ta fito daidai a takarda. Shi ya juya don ya rufa mini asiri, ni na juya don in tona masa, abincin mutum talatin ya tafi gidan da ba shi ba.

Fuseini ya ɗago ya dube ni. Ba wawa ba ne. Dalili ɗaya ne zai sa direba ya ga hamsin da biyu ya tafi ashirin da biyar, wato ya daɗe da sanin ciwon. Na ga lokacin da abin ya sauka a fuskarsa. Na jira ya faɗa. Kalma ɗaya ta isa a karɓe makullin motar ma.

"Mudir," in ji shi, "injin ne yake juya lamba. Ni na gani ina gyarawa a nan, Ashiru ya gani yana gyarawa a hanya, ba mu yi magana da juna ba. Shi zai iya gyara shi yanzu."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abu ɗaya kawai ya bari bai faɗa ba. Mudir ya yi mana faɗa mu biyu, ya ce ɗaki ɗaya muke kwana amma kamar kurame. Fuseini ya tashi ya ba ni kujerar, na zauna na gyara layi biyun, na tashi na ba shi abarsa. Wannan ne zamana na ƙarshe a kanta.

Bayan salla aka tabbatar masa. Ya riƙa zuwa da littafi yana tambayata, ina koya masa abin da na sani, rabi don kunya rabi don ba yadda zan yi. Kansa yana ja, abin haushi. Yau rassanmu uku, duk wata kwamfuta da firinta a hannunsa suke, ya wuce ni nesa ba kusa ba. Ni ma ban taɓe ba, ni ne shugaban direbobi, ina da tebur nawa, motocin yanzu esinsu har ya yi yawa. Adireshi ma a waya yake zuwa da taswira, ba mai neman lamba a jikin katanga. Amma har gobe in na ga lambar gida sai na karanta ta gaba da baya. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka.

Jiya, da yayyafin nan ya tsaya, muka zauna buɗa-baki a bayan kicin. Ko sanyin ne, ko tsufa, sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Fuseini, ka tuna gidan nan na Nu'aija? Hamsin da biyu?"

Ya ɗan yi tunani. "Wane gida ke nan, massa?"

"Shekarar firinta. Ranar da na kai abinci wani gida daban. Na san lambobin suna juyawa tun kwana uku kafin nan. Shiru na yi don a kore ka."

Ya dube ni yana ƙoƙarin tunowa, da gaske yake yi, na san fuskarsa. Can sai ya fashe da dariya. "Shekarar da ka ce firinta yana azumi, a ba shi lemu ya buɗe baki? Walahi wannan magana har yau ina ba sababbin ma'aikata. Kai, Injiniya." Ya share hawaye. "Ɗayan kuwa ya ɓace mini. Ai ya wuce. Miƙo kofinka."

Na zauna ina kallonsa. Ni na ɗauki abin nan shekara goma sha ɗaya, azumi bayan azumi, shi ko wurin ajiye shi bai nema ba. Kujerar na daina so tuntuni. Wannan zuciyar tasa ce nake ƙyashi, ita kuwa ba Mudir ɗin da zai ce wanda ya yi kaza a ba shi.

Ya cika mini kofi da lemun tsami da na'a-na'a, ya ce shi ya haɗa da kansa yau. Na kurɓa ina neman abin kushewa. Ban samu ba.